Ba kowace ƙiriniya ce ƙuruciya ba

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar asibitin sha-ka-tafi ranar rigakafi ya san yadda abin yake tafiya. A ɗora yaro a sikeli, a rubuta nauyinsa a kati, a zagaya masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse, in ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba sai an yi dogon bayani ba an san tamowa ce mai tsanani, sai a sa uwar a layin karɓar madara. In jikinsa da zafi a soki yatsa a ɗiga jini a ɗan abin gwaji, kafin minti 20 an san ko maleriya ce. Wannan duk alheri ne, mu da muka tashi lokacin da ƙyanda ke shiga gida ta ɗauki yara biyu uku a jere mun san darajarsa. Amma ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan Jigawa, ina kuma cikin kwamitin da ke kula da asibitin mazaɓarmu, ina zama a rumfar nan sosai, kuma wallahi da wuya ka ji an tambayi uwa: yaron nan yana barci kuwa? yana wasa da 'yan uwansa? ya fara magana? ya canza hali tun bayan zazzaɓin nan da ya kwantar da shi? Ba wai malaman asibiti ba su damu ba ne, a'a, ba wanda ya sa su, babu gurbin abin a rajista, ga layi har bakin ƙofa ga mutum biyu kacal suna fama.

Alhali a takarda maganar lafiyar ƙwaƙwalwa tana nan tun tuni. Tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan da ya kamata ƙananan asibitoci su riƙa yi. A watan Janairun 2023 kuma marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta zamanin Turawa, da ba ruwanta da magani, tsare mutum kawai ta sani. Hukumar Lafiya ta Duniya tace rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa, kuma cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya, ɗaya yana ɗauke da wata matsala. To ka duba ajina mai yara sama da saba'in ka yi lissafi da kanka. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk ƙasar nan ba su kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200, galibinsu suna manyan birane, waɗanda suka ƙware kan yara kam ba a magana. Mu nan inda muka sani shi ne Kazaure, sai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a Kano. Mutumin Birniwa ko Guri ko Gwaram kafin ya kai yaro Kazaure sai ya sayar da akuya, kuma ba mai yin wannan tafiyar sai abu ya ɓaci, sai an kai ga ɗauri da igiya. Saboda haka in ba a ɗan asibitin mazaɓa aka gano yaro ba, to ba inda za a gano shi.

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyu, mai kaifin kai ne, shi ke fara ɗaga hannu. Da damina zazzaɓi ya kama shi har da jijjiga da suma, ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba, Allah ya tashi kafaɗunsa aka yi ta barka. Da ya dawo makaranta sai ya zama wani daban. Ba ya iya zama, yanzu yana nan yanzu yana bakin taga, ya fizge fensirin wannan ya mari wancan, baƙin da ya iya jiya yau ya ɓace masa. Wani lokaci kuma kana masa magana sai ya tsaya cak, ido a buɗe yana kallon allo amma ba ya gani, bakinsa na ɗan motsi kamar mai tauna, bayan 'yan daƙiƙu ya dawo yace "Malam me ka ce?" A makarantar allo ana zane shi don ya ƙi riƙe karatu, a gida uban na zane shi don ya fasa tulu. Na je gidan da yamma, na samu uban a ƙofar gida yana gyaran galma, na ce Baba yaron nan fa ba lafiya ba, ba iskanci ba ne. Yace "Malam ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, so kake in zuba masa ido ya lalace?" Kakar kuma daga zaure tace ita ta san abin da ya faru, gamo ya yi a gindin tsamiyar bakin rafi, an karɓo rubutu da hayaƙi ana yi. Mutanen nan suna son ɗansu, kowa cikinsu ceton sa yake ƙoƙarin yi da abin da ya sani.

Abin da ya taimaki yaron nan wata malamar asibiti ce da aka kawo mana na ɗan lokaci, wadda ta taɓa samun horo kan irin wannan. Uwar ta kai shi don tari ne ma. Malamar ta ga yadda yake tsalle-tsalle sai ta tambaya tun yaushe, ta tambayi zazzaɓin, ta tambayi tsayawar nan da yake yi, ta rubuta takarda zuwa babban asibiti. Farfaɗiya ce, irin wadda ba lallai ta kayar da mutum ƙasa ba. Maleriyar da ta hau kai tana barin irin wannan tabo, farfaɗiya ko raunin koyo ko canjin hali, haka sanƙarau yana barin kurumta, haka shawarar jarirai in ta yi tsanani, haka doguwar naƙuda in jariri ya daɗe bai yi kuka ba. Dukkansu kuwa abubuwa ne da muke gani kullum a ƙauyukanmu. An sa shi a magani, tsayawar ta ragu ƙwarai, karatun bai dawo yadda yake da ba gaskiya, amma dukan ya tsaya, kuma ni a wurina wannan kaɗai babban abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai, maganin kuma irin fenobabiton ba mai tsada ba ne. Amma har yanzu akwai gidan da ake ware wa yaro kwanonsa wai yawunsa na yaɗa cutar, kuma ana cusa masa cokali a baki in ta tashi. Ba ta yaɗuwa. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da ruwa, kar a sa komai a bakinsa, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Shi mai ƙiriniya ko ba komai ana ganinsa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai shiru. Wata yarinya ce da ba ta wuce sha huɗu ba, mai tallan awara, an saki uwarta tana hannun kishiyar uwa. Kusan duk sati biyu sai ka gan ta a ƙarshen benci, ta ja hijabi ya rufe rabin fuska, tana murza bakinsa da yatsu, ba ta kallon kowa. Ciwon kai. Wani satin ciwon ciki. A gwada maleriya babu, a ba ta farasitamol, a ce ko olsa ce ko taifot, ta tafi ta dawo. Yaranmu ba sa zuwa su ce ina cikin damuwa, ba a koya musu haka ba, mu manya ma ba ma faɗa, jiki ne yake faɗa a madadinsu: kai, ciki, rashin barci, rashin cin abinci, firgita cikin dare, yaron da ya daina fitsarin kwance shekaru ya dawo yana yi. In yarinya ta zo sau uku huɗu da ciwon da gwaji bai nuna komai ba, ai lokaci ya yi da za a ja ta gefe, mace 'yar uwarta ta ce mata ƙanwata me ke damun ki, waye ke takura miki, kina barci kuwa, kin taɓa jin gara ki mutu ki huta? Wannan tambayar ta ƙarshe mutane na jin tsoron ta, wai kar a sa mata tunanin, amma masana sun nuna tambayar ba ta sa mutum aikatawa, ita ce ma ke buɗe baki. Mun sha jin labarin yarinya ta sha fiya-fiya ko shinkafar ɓera, sai bayan abin ya faru kowa ya fara tuno cewa ai dama kwanan nan ba ta magana.

Kuma kar mu manta abubuwan da yaran yankin nan suka gani da idonsu. Ambaliyar 2022 da ta cinye gidaje da gonaki ta ɓangaren Haɗeja da Ringim, yara sun kwana a makarantu da bakin titi. Gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, akwai yaran da suka rasa uba da yayye a dare ɗaya, wasu sun ga gawarwakin. An kai shinkafa an kai tabarmi, Allah ya saka da alheri, amma yaron da yanzu in ya ji ƙarar babbar mota sai ya ruga ɗaki fa, shi ma yana buƙatar wanda zai tambaye shi.

To ita tantance lafiyar ƙwaƙwalwar yara da nake so a riƙa yi a ƙananan asibitoci, me ake nufi da ita? Ba na'ura ba ce, ba hoton kai ba ne, tambayoyi ne kawai da aka tsara. Akwai wasu guda goma da aka yi don ƙasashe irin namu, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, an gwada su a Bangaladash da Pakistan da Jamaika, UNICEF ma ta yi amfani da su a bincikenta na gida-gida. Ana tambayar uwa ko yaron ya yi jinkirin zama ko tsayuwa ko tafiya in aka kwatanta da sa'o'insa, ko yana gani sosai dare da rana, ko yana ji, ko yana gane abin da aka ce ya yi, ko yana suma ko sanƙarewa, ko yana magana, ko yana koyon abu kamar sauran yara. Kowace uwa a ƙauyen nan za ta iya amsa waɗannan. Akwai kuma wata da ake kira SDQ, wani likita ɗan Ingila Robert Goodman ya fitar da ita a 1997, tambaya 25 ce kashi biyar: damuwa da tsoro, rashin ji, rashin natsuwa, zama da sa'o'i, sai kuma kyawawan halayen yaron, wanda ni shi ya fi burge ni, don ba laifi kaɗai ake nema ba. Iyaye na cikawa, malamin makaranta na cikawa, yaron da ya kai 11 shi ma yana cika tasa. A Amurka tun 2022 kwamitinsu na ƙwararru ya ba da shawarar a riƙa tantance yara daga shekara 8 kan yawan fargaba, daga 12 kuma kan ciwon damuwa, ko da ba su kawo kuka ba.

Amma in aka ɗauko takardar nan aka dire ta a teburin malamar asibitinmu haka kawai ba za ta yi aiki ba, kuma nan ne nake ganin masu tsara abin daga Abuja ko Dutse ya kamata su saurare mu. Na farko wa za a tambaya? In ɗan fari ne uwar kunya take, ko sunansa ba ta faɗa, ka ce mata yana da kirki yana taimakon mutane sai ta sunkuyar da kai tace oho, ba don ba ta sani ba. Kaka ce ko goggo za ta ba ka labari. In ɗan riƙo ne, mai riƙon ba lallai ta san yadda aka haife shi ba. In agola ne ko maraya a hannun wadda ita ce matsalar tasa, to tambayarta a gabansa ɓata lokaci ne. Almajiri kuma fa, wanda uwarsa ke wani gari, shi da wani gardi suka zo karɓar maganin ƙazuwa? Ga kuma ma'aunin kansa, yaron da ba ya kallon idon babba, ba ya magana sai an tambaye shi, mu tarbiyya muke gani, to sai mai tambaya ya san bambancin ladabi da yaron da ko uwarsa ba ya kallo, ba ya juyowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, irin alamun da ake duba galahanga (wadda Turawa ke kira autism) da su tun yaro bai cika shekara biyu ba. Ɗan gari ne zai iya rarrabe wannan.

Sai lokaci. Rigakafi ana yi ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Daga nan yaro ya yi sallama da asibiti sai in ciwo ya kayar da shi. Masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina suna shiga gida-gida amma su ma 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 suke nema. Shekarun da matsalolin nan suka fi fitowa, daga shida zuwa sha huɗu, yaro yana aji ko tsangaya ko bakin kasuwa da faranti a ka. Shi ya sa nake ganin dole asibiti ya haɗa kai da mu malaman boko da na allo da na Islamiyya, mu ne muke wuni da su. Alaramma da ya shekara talatin yana koyarwa ya san yaron da allonsa ya ƙi gaba ba don wasa ba, abin da bai sani ba shi ne akwai inda zai tura shi.

Babbar damuwata kuwa ita ce bayan an tambaya sai me. Tantancewa ba ita ce gano cuta ba, tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne, kuma wasu da za ta nuna lafiyarsu ƙalau. In ka ce wa uwa ɗiyarki na da matsalar ƙwaƙwalwa, a rumfa, gaban mata ashirin, ka kuma sallame ta ba magani ba bayani, ka cuce ta, kafin la'asar gari ya ɗauka, kuma ranar da aka zo neman auren yarinyar ko na yayarta sai an tono maganar. Gara ba a tambaya ba da a yi haka. Sirri wajibi ne, ɗaki a rufe, kuma a iya baki.

Amma kuma ba gaskiya ba ne a ce tunda ba likita ba abin da za a iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, littafin jagoransa ya fito 2010 aka sabunta a 2016, an yi shi ne musamman don ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma akwai babi guda kan yara da matasa. An gwada shi a ƙananan asibitocin jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, ma'aikata irin namu aka horar. Abin da ya ce a fara yi wa yaro ba allura ba ce. A duba ji da gani tukuna, don yaro da yawa da ake kira daƙiƙi kunne ne ke ruwa ko allo ne ba ya hangowa. A duba ƙarancin jini da yunwa. A duba uwar, ko ita ce ke cikin damuwa tun bayan haihuwa, don uwar da ba ta da walwala jaririnta ma yana ja baya. A bincika ko ana cin zalinsa. Sannan a zauna da iyaye a yi musu bayani: a daina duka, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a yaba masa in ya yi daidai, a yi masa wasa da hira, a sanar da malaminsa ya dawo da shi gaban aji. Maganin damuwa ma littafin ya hana a ba yaron da bai kai 12 ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, don na san gidajen da ake zuwa kemis a sayo maganin mura mai sa barci a ɗura wa yaro don a huta da ƙiriniyarsa, kuma mu da muka ga abin da kodin ya yi wa matasan Kano da Jigawa har gwamnati ta hana shi a 2018 bai kamata mu koya wa yaro kwalba tun yana ƙarami ba.

Ban ce a bar addu'a ba, ni ma ina yi wa 'ya'yana tofi. Limaminmu da muka yi maganar da shi cewa ya yi ai neman magani umarni ne, a yi ruƙiyya a kuma je asibiti, ba sa karo. Abin da nake ƙi shi ne mari da sarƙa da bulala da sunan cire iska. Kowa ya ga hotunan mutum sama da 300, da yara a ciki, da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, har suna biya, saboda yaro ya gagare su kuma ba wanda ya taɓa nuna musu wata ƙofa tun yana shekara bakwai.

A zaman kwamitinmu na baya na kawo maganar, da dagaci da liman da shugabar mata duk suna nan. Abin da na nema kaɗan ne: tambayoyi biyar ko shida da Hausa a manne a bangon ɗakin duba marasa lafiya, a yi wa duk yaron da aka kawo ko don me aka kawo shi, da littafi daban da inchaji kaɗai ke buɗewa, da rana ɗaya a wata da malaman makaranta za su iya turo yaro tare da wani babba na gidansu. Inchajin tace "Malam ni ba na ƙi, amma ka san mu biyu ne, kuma in na rubuta takardar tura su babban asibiti rabinsu a ƙarƙashin katifa take ƙarewa saboda kuɗin mota." Gaskiya ta faɗa. Jigawa mazaɓa 287 gare ta, Kano 484, horar da mutum ɗaya a kowace da ajiye maganin farfaɗiya da ba ya yankewa aikin gwamnati ne, kuma za mu rubuta wa ƙaramar hukuma mu nema. Kuɗin mota kuwa dagaci yace a yi magana da direbobin da ke kai mana masu naƙuda, a riƙa cire na mai daga ɗan asusun da muke tarawa duk ranar kasuwa, shugabar mata kuma ta ɗauki nauyin raka duk uwar da mijinta ya tafi ci-rani.